Laraba a Falon Goggo Tela

Goggo, ƙanwar babanmu, tela ce. Shekara goma sha bakwai, duk yammacin Laraba takan tura keken ɗinkinta jikin bango, ta share ƙyallaye, maƙwabta su shigo sujada. Ba fasto, ba mumbari. Wani ya ɗauko waƙa, wata ta karanta aya, direban bas ya faɗi abin da ya fahimta, matar makanike ta ce ita ba haka ta gane ba.

In baƙo ya tambayi shugaba, Goggo takan yi dariya ta ce, "Ni dai falon ne nawa." Amma ita ke lura da wanda bai buɗe baki ba. Sai ta ɗora masa Littafi Mai Tsarki a cinya. In direba ya ja magana, ta ce, "Direba, mun iso tasha, a sauke mu."

Da idonta ya raunana, babban ɗanta ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki. Cocinsu babba ne, har da lasifika da masu nuna wurin zama. Lahadin farko, ana tsakiyar wa'azi, Goggo ta ɗaga hannu za ta ƙara wani abu. Surukarta ta riƙo hannun a hankali.

"Mama, nan ba a yin haka."

"To, yaushe ake ba mu dama?"

"Ba a bayarwa, Mama."

Mu kuma da ta bari, sati uku muna kallon juna. Kowa na jiran wani ya fara. Ƙarshe muka zaɓi dattawa uku, muka rubuta jerin masu jagora muka manna a ƙofa. Taron bai mutu ba, sai dai masu baki ne ke ta magana.

Na gaya wa Goggo haka a waya. Ta ce, "Matar makanike fa?"

"Tana zuwa, Goggo. Ta dai daina musu."

"Ayya. Ki zauna kusa da ita, 'yata. In an karanta, ki tambaye ta a gaban kowa."

Na gwada. Wani satin yana yi, wani satin ba ya yi.

A can, Goggo ta gayyaci mata huɗu daga cocin zuwa sujadar Laraba a gida. Ɗaya ce ta zo, wata gwauruwa mai sayar da kwanuka. Har yau su biyu ne, kuma surukar ce ke karanta musu, don dukansu ba sa ganin ƙananan rubutu.