Ikilima Mai Awon Jini

A bakin masu babur na fara jin sunanta: "Ikilima mai awon jini ta iso Marnona."

Ga ta yau a inuwar motar asibiti, gajeruwa, da tef irin na tela a wuyanta. Tana auna ƙugun mata a bayan labule, ta duba hawan jini, ta soki yatsa don gwajin sukari. Litinin da Alhamis take zuwa, domin ta san dattawa na azumin nafila, babu hura a cikinsu, gwajin sukari kuwa ya fi kyau kafin a ci komai.

Wani tsoho ya janye hannu. "Ɗiyata, wannan bai karya azumi?"

"Baba, yatsan liman na fara sokewa yau."

Yadda take daɗewa a kan tsofaffi, ina jin ta taɓa rasa nata.

Da layi ya zo kaina, sai ta tambaye ni ko wani ya taɓa faɗuwa a gidanmu. Na ambaci kakana Lawwali da baffana Habibullahi, waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye a gonar albasa. Babana kuwa kullum ciwon kai, amma ya ƙi asibiti.

Ta kama hannuna. "Ki kawo min shi ran Alhamis. In ya ƙiya, ki gaya mishi sunayen nan biyu yadda kika gaya min."