Matar da Aka Sayar wa Giyabos Ɗinta

Yayata Badamhand ta ba ni shekara tara. Ita ta goye ni, ita ta fara ɗora ni a kan doki, kuma har yau da nake da furfura in ta ɗaga murya sai in shiga taitayina. Mutanen kwarin Tamir suna cewa da faɗa aka haife ta. Ba haka ba ne. Na san shekarar da ta zama haka, na san wanda ya jawo, kuma da hannuna a ciki.

Babanmu direban tarakta ne a zamanin gonar haɗin gwiwa. Tun tana ƙarama take raɓe-raɓe in yana kwance inji, shi kuwa sai ya kore ta, ya ce hannun da zai taɓa nono ba ya taɓa baƙin mai. Haka ta tashi a tatsa. Shekara takwas tana tatsar shanun gwamnati, har aka raba dabbobin kowa ya kama gabansa. Ta auri Lhagva, mutum mai shiru-shiru, wanda ya yi ta tara kuɗi har ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya. Da damina sukan bi gidajen makiyaya bakwai su karɓi madara, su kai wa masu sarrafa ta a garin Tsetserleg kafin rana ta ɗaga. Da ciwon hanta ya ɗauke Lhagva, kowa ya ɗauka za ta sayar da motar. Ranar da kwana arba'in da tara na makoki suka cika, ta shiga ta tayar da ita. Shekarunta arba'in da shida a lokacin, ga 'ya'ya mata biyu suna karatu a Ulanbator, babban birninmu.

Damina uku ta yi tana wannan hanya, ba ta taɓa makara ba. A ta huɗu giya lamba biyu ta fara yi mata tsiya. Tana cikin hawan tudu sai sandar ta fice da kanta ta koma firi, daga ƙasa kuma ana jin wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa.

Ni na kai ta wurin makaniki Dashnyam. Ni likitan dabbobi ne, in ba cikin saniya ba ban san cikin komai ba. Abin da na sani, Dashnyam ajinsu ɗaya da Lhagva, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa, kuma garejinsa na bayan kasuwa shi ne duk direbobi ke zuwa. Na ce mata wa za mu samu da ya fi shi.

Ko sunkuyawa bai yi ba. Ya tsaya da kwanon shayi a hannu, ya saurare ta rabi da rabi, ya ce laifin ƙafarta ne, mata haka suke, sai su ɗora ƙafa a kan kuloci kamar suna ɗumama ta a bakin murhu. Direbobin da ke zaune a kan tayoyi suka kwashe da dariya. Ta ce masa ƙarar ba daga kuloci take fitowa ba, daga cikin giyabos ne, ta san motar nan kamar yadda ta san tarin 'ya'yanta. Ya ce, "Matar abokina, ke dai ki ji da madararki, ki bar mana ƙarfe." Ya sake mata faifan kuloci, ya karɓi kuɗinsa. A hanyar komawa tana ta ƙunƙuni, ni kuwa na ce ta yi haƙuri, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kwana goma sha biyu bayan nan, tana hawan tudun da ke gaban kogi da tuluna goma sha huɗu cike, giyar ta fice. Mota ta fara ja da baya. Ta danne birki, birki ya ƙi riƙe nauyin a kan tsakuwa, sai ta karya sitiyari ta jingina motar da gefen dutse. Da ba ta yi haka ba da a cikin kogi za a tsamo ta. Tuluna tara suka kife.

Wani makiyayi ne ya bugo mini waya, na zo a kan babur. Na tarar da ita tsaye a tsakiyar hanya, goshinta ya fashe, madara tana malala a cikin sawun tayoyi har gindin tudu. A wurinmu ko ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa sai tsohuwa ta dangwala ta shafa a goshi, balle tatsar gidaje bakwai. Ba ta yi kuka ba. Da yammacin nan ta ari babur ɗina ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofar kowace mace ta gaya mata da bakinta.

Da aka jawo motar zuwa gareji, Dashnyam ya girgiza kai ya ce ai dama ya faɗa, ga shi ta ƙarasa kashe giyabos ɗin gaba ɗaya. Gyara ba zai yi ba, sai dai a sake wani. Yana da mutum a Ulanbator mai kawo na kwance daga Koriya, masu kyau kamar sababbi. Ya faɗi kuɗin. Badamhand ba ta da abin da ya kai haka sai dokin sukuwar Lhagva, wani jan doki da ya taɓa zuwa na uku a bikin damina, wanda tun rasuwar mai shi ba ta bari kowa ya ɗora masa sirdi ba. Ta sayar da shi. Ranar da ta kai kuɗin ta buɗe baki za ta nemi takardar shaidar biya, na taɓa gwiwar hannunta. A waje na ce mata abin kunya ne ki nemi takarda a hannun mutumin da ya ɗauki gawar mijinki. Haka muka tafi ba takarda.

Mako uku motar ta yi a garejin. Madara ba ta jiran kowa, don haka gidajen suka koma bai wa wani mai mota, Sodnom. Da ta karɓo motar, giyabos ɗin baƙi wuluk yana sheƙi, ba gurnani, giya tana shiga kamar an shafa mata man shanu. Har busasshen ganyen shayi da kwalin alewa ta aika wa matar Dashnyam.

Wata ɗaya da rabi ya yi. Da kaka, tana jigilar ciyawa, gurnanin ya dawo, ribas ya ƙi shiga, rannan da safe kuma sandar ta ƙage a ƙofar gidanta, ko motsi. Na ce bari in kira Dashnyam. Ta ce in na kira shi kada in sake taka gidanta, in je in zo da jak da gungume biyu.

Wuni guda muka yi kafin mu sauke giyabos ɗin, ita a ƙarƙashin mota, ni ina miƙa sifana. Da ta kwance notin ƙasa don man giya ya tsiyaye, ba abin da ya zubo. Ta zura yatsa ta lakato wani abu mai kauri kamar kunu ya kwana. Ta murza a tafin hannu. Garin katako ne aka kwaɓa da giris, don ya toshe bakin ƙarar na ɗan lokaci. Ta ɗauko tsumma da fetur ta fara goge jikin ƙarfen, baƙin fenti yana fita. A wajen kunnen hagu, inda ake ɗaure shi da noti, sai ga wata walda a karkace, dunƙule-dunƙule kamar tsutsa. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce mini shekara tara da suka wuce dutse ya fasa wurin a mashigar kogi, Lhagva ya like da kansa, ita ta riƙe masa ƙarfen, har ta yi masa tsiya a kan munin aikin.

Giyabos ɗinta ne. Wanke shi Dashnyam ya yi, ya cusa masa garin katako, ya fesa fenti, ya sayar mata a kan kuɗin doki.

Washegari wani maƙwabci ya kai mu gari da shi. A bakin kasuwa ta ari baro, ta ɗora, ta tura da kanta, ta hana ni taɓawa. Tsakar rana ce, direbobi sun cika garejin suna cin soyayyen burodi mai nama. Ta kife baron a gaban Dashnyam.

Ta ce, "Taso ka gaisa da abokinka. Ga hannunsa nan a jikin ƙarfe."

Ya dubi waldar, na ga wuyansa ya yi ja. Amma nan da nan ya gyara tsayuwa ya ce giyabos duk kamarsu ɗaya, walda kuma kowa na yi, wa ya sani ko ita ta sauya don ta ɓata masa suna. Ya ce, "In ni na sayar miki, ina takardarki?"

Ta zura yatsa cikin ramin notin, ta yi ta lakato kwaɓin nan har ya cika tafi, ta zuba masa a kwanon shayinsa. Ta ce, "Sha. Daga Koriya aka kawo."

Mutum goma sha wani abu ne a wurin, duk sun ga waldar, duk sun ga garin katakon, rabinsu sun san Lhagva. Ba wanda ya ce uffan. Kowa yana tunanin gobe motarsa za ta lalace, kuma gareji mai ramin duba ƙarƙashin mota a garin ba shi da yawa. Wani ma ya juya yana duba tayarsa. Ni kuma, don ban iya komai ba sai abin da na saba, na kama hannun rigarta na ce Yaya mu tafi, mutane na kallo.

Ta fizge. "Sake ni, Tsend. Sau biyu kana ce mini in yi shiru. Na farko ya ci madarar mutane, na biyu ya ci dokin mijina. Yanzu me ya rage da kake so in bayar?"

Daga baya na je wurin wani lauya da na sani, ya ce ba takarda, ba mai shaida, sai dai a yi ta zarya a banza.

Hunturun nan a cikin tantin da take zaune giyabos ɗin ya yi shi. Ta shimfiɗa tsohon bargo a ɓangaren da Lhagva ke ajiye sirdinsa, ta fara kwance shi ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa yadda suka fito, tana zanawa a tsohon littafin makarantar 'yarta. Abin da ya gagare ta sai ta ɗauki hoto ta tura wa babbar 'yar, ita kuma ta nemo mata bayani. In ka shiga shan shayi sai ka tsallake haƙoran giya, kuma kaiton ka in ka shure ɗaya. Da ta kai ƙarshe, abin da ya mutu bai taka kara ya karya ba: boris biyu, wani zoben tagulla da ya cinye, da giya ɗaya mai karyayyun haƙora. Ta zuba su a buhun fulawa ta hau bas zuwa Ulanbator. A kasuwar kayan mota wani ya miƙo mata giyar da ba ita ba, yana cewa Inna duk ɗaya ne. Ta ƙirga haƙoran a gabansa da ƙarfi, ta ajiye masa abinsa ta wuce gaba. Duk abin da ta sayo bai kai kuɗin tunkiya biyu ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, har yau in ta tuna sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Haɗin farko, lamba uku kaɗai ke shiga. Muka sauke. Na biyu, mai ya riƙa ɗiga, muka sake saukewa, cikin sanyin da sifana ke manne wa fata. A na uku, wajen ƙarshen hunturu, ta tayar da motar ta zaga tantin, lamba ɗaya har biyar, ta yi ribas, ta dawo ta tsaya. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce in tattara kayan aikin.

Hanyar madara ba ta dawo ba. Matan sun zo sun ba ta haƙuri, amma sun riga sun yi magana da Sodnom, kuma ba ta ga laifinsu ba. Ta koma ɗaukar ciyawa, gawayi da fatu. Ta bi sawun dokin, aka ce wanda ya saya ya sayar wa masu kai dabbobi mahauta. Dashnyam kuwa ya ƙara rami na uku, ya buɗe wurin wankin mota, a bikin damina a layin gaba yake zama. In sun haɗu a kasuwa shi ke sauya hanya, iyakar abin da ta samu ke nan.

Labari ya bazu a kwarin, sai makiyaya suka fara kawo mata giyabos a bayan babur ko a amalanke. Yanzu shekarunta hamsin da bakwai, yatsunta sun kumbura, amma ba a rasa ɗaya ko biyu a ƙofarta. Ba ta da fara'ar 'yan kasuwa, kuma tana da doka ɗaya: ba ta buɗe giyabos sai mai shi yana zaune.

Makon jiya ina can wani dattijo daga gabashin kogi ya kawo nasa. Ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, zai je ya duba tumakinsa ya dawo jibi. Ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce tumakin ba za su mutu ba kafin la'asar. Ya ce shi fa bai san komai a ƙarfe ba, kallon me zai yi.

Ta ce, "Shi ya sa za ka zauna, Baba. Matso nan, riƙe wannan."

Ya cire hularsa, ya zauna, ya riƙe.