Layi Uku a Gonar Masara

Mata biyar ya kashe a garinmu. Ni ce ta shida, ban mutu ba.

A lokacin jirgin ƙasa yana tsayawa a Kafanchan kullum, daga gonakinmu ana jin kukansa. Damina uku aka yi ana tsintar gawa. Duka da rana tsaka, duka a gona, kowacce da fartanyarta aka sare ta a ƙeya. Bai taɓa ɗaukar komai ba, ko ɗankwali. Abu ɗaya yake bari kusa da gawar: layi uku na huɗa, sababbi, miƙaƙƙu, aikin hannun namiji.

Mutane suka yi ta magana. Wasu suka ce ma'aikacin jirgi ne, yana sauka ya yi abinsa ya koma kafin jirgin ya tashi. Wasu suka ce dodon da kakanninmu suka bari ne lokacin da suka shiga coci, ya dawo da fushi. 'Yan kasuwar citta suka ce rikiɗa yake yi ya zama damisa. Wata a zumuntar matan coci ta rantse ta ga sawunsa, yatsun suna kallon baya. Aka kama wani mahaukaci a tasha, aka yi masa duka, aka miƙa shi ga 'yan sanda. Yana can a kulle aka kashe ta huɗu.

Layukan nan kowa yana tsoronsu. Aka ce alama ce ya kama gonar, in suka kwana zai dawo ya ɗauki wani a gidan. Saboda haka tun kafin a ɗaga gawa, dattawa sukan tattake su da ƙafa, fasto ya yi addu'a, a watsa gishiri. Kafin 'yan sanda su iso, ƙasa ta zama shimfiɗe.

A wurinmu, in namiji ya tarar da mace tana aiki ita kaɗai, ba ya gaishe ta da baki kawai. Yakan miƙa hannu, ta ba shi fartanya, ya yi mata layi biyu ko uku, ita kuma ta miƙe bayanta ta sha ruwa. Baƙo ba ya yin haka. Ba kuma wadda za ta miƙa wa baƙo fartanyarta. Kowa ya san wannan. Ba wanda ya haɗa shi da gawarwakin.

Ranar tawa, masara ta kai gwiwa. Na tuna an gaishe ni da yarenmu. Na tuna na yi dariya. Na miƙa fartanya, na zauna a kan dutse, na ɗauki gorar ruwa. Ina kallon bayansa yana huɗa. In ya kai ƙarshen layi sai ya danne bakinsa da dunduniya sau biyu, sannan ya juya ta hagu. Sau uku na ga ya yi haka. Daga nan sai na farka a asibiti, kaina a naɗe, an ce kwana tara ke nan.

Fuskar ta tafi. Muryar ma ta tafi. Dunduniyar kawai ta rage mini.

Na gaya wa mijina. Na ce, “Namu ne. Ni na ba shi fartanya da hannuna.”

Ya ce, “Kanki bai warke ba. Kada ki faɗi wannan a waje.”

Na ce a kai ni in ga layukan. Ya ce tun ranar aka tattake su, shi da ƙanensa suka fara.

Na faɗa a waje duk da haka. Dattawa suka ce dodo yana iya ɗaukar kamannin kowa. Aka yi mini addu'a. Daga ni ba a sake sarar kowa ba, sai aka ce addu'ar ce ta kore shi.

Ban yi makaranta ba, amma huɗa kowane namiji da irin tasa, kuma ina iya gane ta. Duk gayyar da aka yi a garin nan sai na kai ruwa ko kunu, in tsaya ina duban ƙarshen layi. Shekara da shekaru. Ban sake ganin dunduniyar nan ba. Ko ya mutu, ko ya bar gari, ko ya san na gani ya canza. Fartanyata kuma ban sake ba wani namiji ba, har mijina, har ya mutu. Aka sa mini suna marar gaisuwa. Bai dame ni ba.

Yanzu yara sun mayar da shi labari. Jikata, wadda ta gama sakandare, ta nuna mini a waya wani saurayi yana ba da shi da Turanci, ya ce mata talatin aka kashe, kuma ana cire musu ido. Na ce ƙarya ne, biyar ne, na san sunan kowacce da inda gonarta take.

Bara babban ɗana ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Kaduna, ya dawo gida. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar gona ya tafi makarantar kwana. Bana ya ce zai noma masara a bayan gida, don cikinsa ya ragu. Na kai masa ruwa. Na tsaya a bayansa.

Ya kai ƙarshen layi. Ya danne da dunduniya sau biyu. Ya juya ta hagu.

Gorar ta faɗi daga hannuna.

“Mama, lafiya?”

“Wa ya koya maka danne layi haka?”

Ya dubi ƙafarsa, ya yi dariya. “Kai, Mama! Abin shekara nawa? Ni ban ma san ina yi ba.”

“Wa ya koya maka?”

“A gonarmu ta bakin rafi na koya. Ko Baba, ko Baba ƙarami. A tsakaninsu suke sa ni.”

“Wanne a ciki?”

“Ban tuna ba. Me ya faru?”

Na ce ba komai. Na ɗauki gorata.

Mijina yana cikin ƙasa, ba zan iya tambayarsa ba. Ƙanensa yana nan. Dattijon ikilisiya ne, a benci na gaba yake zama. Ya tsufa amma bayansa bai lanƙwashe ba, har yau yana zuwa gona da ƙafarsa. Kowace Lahadi bayan sujada sai ya tsaya ya ce mini, “Matarmu, yaya kan nan naki? Har yanzu bai tuna komai ba?” Mutane su yi dariya, wasa ne na ƙanen miji. Shekara da shekaru yana yi mini wannan tambaya, ni ma ina amsawa, “Bai tuna ba.”

Ba ni da shaida. An tattake ta sau shida, da addu'a.

Makon jiya ƙanen mijin nawa ya aiko cewa jikata ta je ta taya shi huɗar masara a bakin rafi, tunda tana zaune a gida. Ubanta ya ce ta je. Na ɗaura zanina na bi ta. Gwiwata tana ciwo, tafiyar ta ɗauke mu fiye da awa.

“Kaka, ke da ko kasuwa ba kya zuwa?”

“Yi tafiyarki.”

Muka same shi a gindin ɗorawa yana jira. Ya ga yarinyar, sannan ya gan ni. Ya daɗe yana kallona.

“Matarmu da kanta! Yau za a yi ruwa.”

Yarinyar ta fara aiki. Na zauna a kan dutse da tawa fartanyar a cinya. Da rana ta take, ya tashi, ya je wurinta, ya miƙa hannu.

“Kawo in rage miki, 'yata.”

Na ce, “Kada ki ba shi.”

Yarinyar ta tsaya, tana dubana tana dubansa. “Kaka, Baba ƙarami ne fa.”

“Na san ko wane ne. Riƙe abinki.”

Hannunsa yana miƙe har yanzu. Bai yi dariya ba, bai kuma tambaye ni dalili ba. Ya sauke hannun a hankali, ya koma gindin ɗorawa ya zauna. Har muka tashi idonsa yana kaina.

Jibi ma ya ce ta koma. Na riga na wasa fartanyata.