Ragon Suna a Kan Ƙaton Mashin

Ranar sunan ɗana na fari, rago yana Wurno, maijego tana gidan iyayenta a Boyekai, kuma dole rago ya riga liman isa. In ba haka ba, da wane ido zan dubi surukina?

Ɗan kabu-kabu na yi niyyar ɗauka. Sai ƙanena, da ya dawo daga Legas da wani ƙaton mashin, ya ce, "Haba Yaya, mi za ka yi da waɗanga ƙananan? Hau ka gani!"

Kai, wannan mashin! Dogo ne, baƙi wuluk, tankinsa kamar tulu. Salansa biyu gare shi, suna walƙiya. Mazauninsa a ƙasa yake, mai faɗi, direba ya miƙe ƙafafu gaba kamar mai hutawa a zaure. Abu ɗaya munka manta: ba ya da kariya, inda mutanenmu ke ɗaure rago. Sai na rungume abina a cinya.

Da ya ta da mashin ɗin, ban ji kukansa a kunne ba, a ƙirji na ji shi. Munka hau kwalta bayan asuba. Wayyo daɗi! Ba girgiza, ba tari, ya ɗan murɗa totur kawai sai gonakin gero su koma baya. Mun wuce masu kai albasa kasuwar Goronyo kamar suna tsaye. Ina ihu, rago yana ihu, hulata ta tafi ban ko waiga ba.

Sannan kwalta ta ƙare, rairayi ya fara. Ƙanena ya yi abin da kowane ɗan garinmu ke yi: ya sauke ƙafafu zai ja mashin da ƙarfinsa. Ina! Wannan ba irin wanda ake ɗagawa da hannu ɗaya ba ne. Cikinsa ya zauna a ƙasa, tayar baya tana ta haƙa rami.

"Yaya, kama mu ɗaga!"

Munka kama. Ko motsi.

Rana ta fito, raina ya ɓaci. Na ce, "Kai da jirginka ku kwana nan!" Na tattare babbar riga, na saɓa rago a wuya, na zuba da gudu.

Uban ɗan fari ɓoyewa yake yi ranar suna, saboda kunya. Ni kuwa sai ga ni tsakiyar dattawa, ba hula, takalmi ɗaya, rago yana kuka a kaina. Dariya ta ɓarke. Surukina ya rufe baki da hannun riga, ya ce, "Sannu, yaro. Aje shi, ka iso."

Liman ya ɗaga hannu, ya faɗi sunan. Har yau bakina bai taɓa furta shi ba, ɗan fari ne. Amma a nan na durƙusa cikin ƙasa ina haki, ina dariya, hawaye suna zuba, ina ta maimaita shi a zuciyata.