Tocilar da Na Haska wa Auta

Ƙanena mai gyaran agogo ne. Auta muke ce masa har furfura ta cinye masa kai. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a wani ɗan shago da ko miƙe ƙafa ba a yi, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da sauro ma ya fi su girma. Da matarsa ta rasu, ba su haihu ba, sai na kwaso komatsaina na dawo gidansa, don na san in an bar shi ko ruwan zafi sai ya ƙona.

Abu uku ya ɗora wa ransa. Yana karanta littattafan labari da ƙarfi don in ji, ni da ban san ko baƙi ɗaya ba. Yana kuma rubuta nasa a wani littafi mai jan bango, yana karanta mini, kuma a ciki akwai wata tsohuwa mai baki kamar reza.

"Auta, wannan matar, da wa kake?"

"Ƙirƙira ce, Yaya."

"To ka ƙirƙira mata haƙora, tunda ni nawa sun zube."

Na ukun shi ne ɗaukar hoton sama. In gari ya yi tsit sai ya hau saman bene da kyamararsa, ya kafa ta kan wani ƙarfe mai ƙafa uku. Wata rana na ce masa mutane hoton 'ya'yansu suke ɗauka, shi kuwa duhu. Ya ɗauki kyamararsa ya hau sama. Har gobe ina jin ɗacin maganar nan a bakina.

Sannan idonsa ya fara mutuwa. Ƙusa ta faɗi ya kasa gani, masu agogo suka daina zuwa. Likita ya ce ganin zai tafi gaba ɗaya, watanni suka rage. A wannan tsakanin aka ce tauraruwa mai wutsiya ta fito, kwanaki kaɗan za ta yi ta wuce. Auta ya ce ita ce hotonsa na ƙarshe.

"Idon kyamarar zai daɗe a buɗe, yana tara haske kaɗan-kaɗan kamar mai tarar ɗigon ruwa," in ji shi. "Don Allah Yaya, ko ashana kada ki ƙyasta."

Na ce, "Na ji, sarkin duhu."

Kwana shida hadari ya rufe sama. A na bakwai gajimare ya ɗan tsage, ya hau yana laluben bango. Ina ƙasa ina sauraro. Can na ji ƙarar abu ya faɗi. Saman benen nan ba shi da katanga, mutumin kuma ba ya ganin ƙafarsa. Ban san sanda na hau matakala da gwiwoyin nan nawa ba. Na danna tocila, na haska sosai, daidai cikin idon kyamarar.

Ashe kujerarsa ce ta kife. Yana tsaye lafiya lau, hannu a ƙirji, yana ƙirga lokaci a ransa.

Kafin ya sake daidaita ƙarfen da lalube, gajimare ya haɗe. Na jira zagi, da ma na tanadi amsa. Sai ya ce, "Yaya, ki sauka a hankali, matakala ta uku ta tsage."

Washegari ruwa, jibi ruwa. Da sama ta washe, tauraruwar ta tafi.

Duk da haka ya sa aka wanko hoton, aka sa shi cikin gilashi. Kafin a kawo, ganin ya ƙare. Ya riƙe shi a cinya yana shafawa.

"Yaya, faɗa mini abin da ke ciki."

Fari ne fat, kamar an zubar da madara. Ni da aka sani da faɗa wa mutum gaskiya ko zai mutu, na buɗe baki na ce ga ta can sama ta dama, wutsiyarta doguwa, ta ɗan karkace kamar bakin mayafi in iska ta ɗaga shi, ƙananan taurari sun kewaye ta.

Sai ya yi murmushi.

"Shekara nawa ina fama da biro, ashe kin fi ni iya labari."

Kullum da yamma sai ya ce in sake faɗa, ni kuma ina ƙara mata tsawon wutsiya. Haka muka yi shekara biyu, har Allah ya karɓi abinsa.

Hoton yana rataye a ɗakina. Baƙi kan tambaya wannan farin na mene ne. Nakan ce musu ba su da ido.