Kunnen Kwano Records

Gimba bai zo Ingila don kiɗa ba. Karatun injiniyan lantarki ya kawo shi Manchester daga Kontagora, yana saurayi siriri, da akwatin ƙarfe da rigar sanyin da ta yi masa yawa. Hannunsa ne ya ja masa. Duk abin da ya mutu mai waya a ciki, in ya taɓa sai ya tashi. Kafin shekara ta zagayo, samarin da ke kaɗa jita a gidajen rawa na Oxford Road sun san ɗakinsa, suna ta jido masa lasifikokin da suka ƙona da kansu.

A cikinsu akwai Umair, ɗan Pakistan haihuwar Birmingham, mai gashi har kafaɗa da surutu kamar rediyo. Shi ya ce su kafa kamfanin faifai nasu, tunda manyan kamfanoni ko kallon yaran unguwa ba sa yi. Gimba ya ce shi fa wannan kiɗan na rock bai fi masa ruwan sama a kan rufin kwano ba. Umair ya yi dariya har da buga cinya, ya ce suna ya samu. Haka aka haifi Kwano Records, a kan teburin cin abinci mai ƙafa ɗaya gajera.

Ba su taɓa yin kuɗi ba, kada ma wani ya yi zato. Sun dai fitar da faifan yara masu yawa da ba wanda zai saurare su, wasu suka yi suna suka tafi, wasu suka koma tuƙin bas. Lokacin da duniya ta watsar da faifan garmaho, su suka ƙi saki, mutane na yi musu kallon tsofaffin da ba su san an waye ba. Da yayin ya dawo, sai ga su sun zama masu hangen nesa. Umair ya koma unguwar Balsall Heath a Birmingham bayan ya yi aure, can yake nemo mawaƙa ya ɗauki muryarsu. Amma doka ɗaya ba ta taɓa canzawa ba. Kafin masana'anta ta buga faifai da yawa, sai ta aiko da guda na gwaji, kuma ba a cewa a buga sai Gimba ya zauna ya saurare shi daga farko har ƙarshe. In da karcewa ko tsalle a ciki, shi zai kama. Aikinsa ke nan, kuma da shi yake taƙama fiye da digirinsa.

Matarsa Habibatu kuwa, tun da aka kawo ta daga gida, ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Kiɗan gwangwani take kiransa. Da ta ga ambulan mai faɗi ya shigo, sai ta kwashi Aliya, 'yarsu, su shige kicin ta ja ƙofa.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya. Da farko ƙarar tukunyar shayi ce ta ɓace masa, sai kararrawar ƙofa. Likitan unguwa ya tura shi asibiti, aka ba shi ɗan abin sawa a kunne. Yana taimaka masa da magana, amma kiɗa sai ya koma masa kamar ana yi a gidan maƙwabta. Bai gaya wa Umair ba. Tsoro yake ji ƙwarai, domin in ba kunne, bai san me ya rage masa a Kwano ba.

Ran wata Asabar bayan la'asar, faifan gwaji ya iso, na farko na wata yarinya Chloe da ƙungiyarta. Umair ya ce masana'anta na jiran amsa ran Litinin. Gimba ya goge faifan, ya ɗora allura, ya zauna. Yana jin bugun ganga a ƙirjinsa, saura kuwa duk hazo. Ya ƙara murya har gilashin taga ya fara rawa. Zai iya cewa a buga, ba wanda zai sani. Amma in da aibi, yarinyar ce za ta kwashe shi zuwa kowane shago da sunanta a jiki.

Ƙofar kicin ta buɗe. Habibatu ta fito tana goge hannu da gefen zani.

"Baban Aliya, so kake 'yan council, hukumar gari, su zo mana? Rage."

Ya rage. Ta tsaya tana kallonsa, shi yana kallon faifan yana juyawa.

"Ba ka ji, ko?"

"Ba na ji, Habiba."

Ya ɗauka za ta ce Allah ya hutar da su. Sai ta jawo kujera, ta ture ɗankwalinta bayan kunne, ta zauna daf da lasifika.

"To gaya min, me ake nema a cikin wannan hayaniyar?"

Ya yi mata bayani a hankali. Ya ce ta bar waƙar, ta saurari abin da ke ƙarƙashinta. In ta ji wani ɗan tas-tas da ke dawowa duk zagaye, ko muryar ta yi kaushi a kusa da tsakiyar faifai, ta ɗaga hannu. Ya mayar da allura farko. Ta rufe ido, ta haɗe gira kamar mai shan magani. Shi kuma fuskarta ya zuba wa ido, da ita yake sauraro.

A waƙa ta uku ta ɗaga hannu.

"Akwai wani abu nan, kamar ruwa ya ɗiga a mai mai zafi. Ga shi. Ga shi kuma."

Ya ɗaga faifan ya karkata shi wajen taga. Can ya hango ɗan tabo, bai kai ƙwayar gero ba. Ya daɗe riƙe da waya kafin ya kira Birmingham.

"Umair, track three akwai matsala, kada a buga. Ba ni na ji ba. Kunnena ya tafi, tun bara. Habiba ce ta ji."

Umair ya ce cikin Turancinsa na Birmingham, da ƙarfi yadda Gimba zai ji, wani faifan na zuwa wata mai kamawa, kuma Manchester za a aiko shi kamar kullum, a gaishe masa da madam.

Gimba ya ajiye wayar, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Habibatu ta yi kamar ba ta gani ba. Ta gyara zama, ta nuna faifan da haɓa.

"Har yanzu gwangwani ne," in ji ta. "Juya ɗaya gefen, ba mu gama ba."