Sojan Burma da Na Wanke Sau Uku

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da hannuna aka yi shi, kuma wallahi ko yau aka ce in dafa Alƙur'ani a kansa zan yi alwala in dafa. A Birnin Gwari ya faru, shekara ashirin da 'yan kai ke nan, lokacin ina da shagon hoto a bakin hanyar da ta taho daga Kaduna, kafin wayar hannu ta zo ta kashe mana sana'a, kafin kuma dajinmu ya lalace, zamanin da mutum zai hau babur ya ratsa har Dogon Dawa ba abin da yake tsoro sai tayarsa ta yi faci.

Yawancin aikina fasfo ne na 'yan makaranta da maniyyata. Mai kala Kaduna nake aikawa, amma baƙi da fari ni nake wanke abina a wani ɗan ɗakin duhu da na keɓe a bayan shago, mai jan ƙwan fitila da faranti uku, biyu na magani, na ƙarshe na ruwan ɗauraya. Mu a sana'ar nan in za a fitar da hoto a takarda cewa muke za a wanke shi, to ku riƙe wannan kalmar. Jikin shagona kuma akwai wani dattijon tela, Malam Garba, wanda in an yi rasuwa a unguwa shi ake kira ɗinkin likkafani, sau da yawa ma shi ke wankan. Kullum tsiyar da yake min ita ce bin ƙwaƙƙwafina ne zai kashe ni, kuma gaskiyarsa ce, ni in ban gane kan abu ba abinci ma ba ya min daɗi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ana tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tukuna, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama tana lalube da sanda. Ta ce sunanta Talle, daga Damari take, kuma sunan kaɗai ya gaya min marainiya ce. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya ruf, ɗayan ma ta ce kamar ta cikin hayaƙi take gani da shi. Ta zauna, na ba ta ruwa ta sha, sannan ta kwance bakin zane ta fito da wani tsohon gwangwanin taba duk tsatsa. A ciki akwai nagetif ƙwaya ɗaya naɗe a tsumma, wato baƙar ledar nan da ake fitar da hoto daga jikinta, irin na da, mai faɗi, wanda ni kaina ban taɓa riƙe irinsa ba.

Ta ce, “Ɗan nan, ubana ne a ciki. So nake in ga fuskarsa kafin idon nan ya ƙarasa.”

Labarin da ta ba ni shi ne, uwarta na ɗauke da cikinta aka ɗebi ubanta soja, aka kai su yaƙin Burma, can inda Turawan Ingila suka kwashi mutanenmu suka gwabza da Japanawa a cikin ƙungurmin daji, bai kuwa dawo ba. Abokinsa da suka tafi tare shi ya dawo, kuma shi aikinsa a can ɗaukar akwatin wani Baturen soja mai ɗaukar hoto. Ya ce a wajen ƙetare wata fadama aka buɗe musu wuta, ubanta ya faɗi a cikin taɓo, ba halin a koma a ɗauko shi, ba wanka, ba sallah. Amma da safiyar ranar Baturen ya ɗauki uban nata hoto, shi ne abokin ya roƙi wannan nagetif ɗin ya kawo wa uwarta, ya ce mata ga shi nan, sai dai ba za a gan shi ba sai an wanke shi. Uwar ta ɗaga a rana, ta ga mijinta baƙin mutum ya koma fari fat, idanu baƙi ƙirin, sai ta ƙwalla ihu ta ce sun mayar da shi fatalwa, ta jefa a gwangwani, ta hana kowa taɓawa har ta bar duniya.

Ni kuwa har da 'yar dariyata, na ce, “Inna, ai haka nagetif yake, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Zauna nan, yanzun nan za ki ga Baba.”

Na shiga ɗakin duhu na ja labule, na haska shi a takarda, na tsoma a magani, ina kaɗa faranti ina leƙe, don wallahi ɗoki nake, ban taɓa ganin dajin wata ƙasa ba. Da hoton ya fara tasowa sai da na ce tabɗi! Mu da muke taƙama da dajin Birnin Gwari, ashe fili ne da mu. Ganye faffaɗa kamar faifai, igiyoyi na sauka daga sama sun sarƙe ko'ina, sararin sama ko kaɗan babu. A tsakiya ga mutum tsaye cikin ruwa iya gwiwa, da malafar soja da adda a ƙugu, amma tun daga goshi har ƙirji laka ce ta rufe shi, ba abin da ake gani sai idanu biyu a buɗe suna kallon mai ɗauka. Da na tsoma shi a ruwan ɗauraya sai na ga ruwan ya yi jaja-jaja, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ganye ya cika ɗakin. Na tsine wa ɗan garuwan da ya kawo min ruwa a raina, na ce yau kuma daga kududdufi ya ɗebo min.

Na kai mata. Ta kawo takardar har tana taɓa hancinta, ta juya ta nan, ta juya ta can, ta ce, “Ni ban ga kowa ba sai laka. A sake wankewa.”

Na ce, “Inna, lakar a jikinsa take ranar da aka ɗauka. Abin da kyamara ta kama ta kama, ko sau ɗari aka wanke haka zai fito.”

Ta ce, “Kai dai wanke, ɗan nan. Cewa aka yi sai an wanke shi.”

Tausayinta ya kama ni, kuma maganar ruwan nan ta tsaya min a rai. Na zubar da komai, na dama sabon magani, na sayo ruwan leda na farfasa a faranti da hannuna don kada a ce. Na sake haskawa daga nagetif ɗin nan dai, a sabuwar takarda. Ina cikin kaɗawa sai na ji ruwan sama, ba irin ƙarar da yake yi a kan kwano ba, irin wadda yake yi in yana dukan ganye, shaaa, ta ko'ina, har ta bayana inda bango ne. Na yi waje da gudu don in kwashe hotunan da na shanya, sai na tarar da rana ƙwal, ƙasa busasshiya, Malam Garba yana taka keken ɗinkinsa. Ya ɗago ya ce, “Mai hoto, lafiya? Kunama ce?” Na juya na koma ɗakin duhu.

Wallahi tallahi, ruwan ledar nan da na zuba garau ya koma kamar kunun kanwa, laka har ta kwanta a ƙasan faranti, kuma a gefe ga matsattsaku baƙi ƙato yana miƙewa yana tsukewa. Matsattsaku a bazara, a cikin ruwan leda! Na ɗaga hoton. Dajin yana nan, tsayuwar tana nan, amma gefen fuskarsa na dama ya fita tas, har da kunne da kafaɗa, hagun kuwa laka na nan yadda take.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, amma son in gane ya fi tsoron yawa. Na ɗauki hotunan biyu na zaga wurin Malam Garba na ajiye masa a kan keke, na ce ya duba min ko idona ne. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, na ba shi labarin a gurguje, sai na ga ya cire ƙafarsa daga kan keken.

Ya ce, “Mai hoto, ka san da wane gefe ake fara wankan mamaci?”

Na ce, “Da wanne?”

Ya ce, “Da dama ake farawa. Kuma ba a tsayawa a biyu. Tunda Allah Ya sa ka fara, je ka yi alwala ka cika na uku, ka yi bisimilla, kuma don Allah yau ɗaya ka kama bakinka, ban da surutu a kansa.”

Haka na yi. Na shiga da alwalata, na yi bisimilla, na haska, na tsoma. Wannan karon ba ƙara, ba wari, ruwan ɗauraya ya fita garau kamar yadda na zuba shi. Ga mutum ya fito fes, saurayi siriri mai dogon hanci, ko gemu bai ajiye ba, yana tsaye a inda yake, sai dai idanun nan da suke buɗe a hoto na farko da na biyu yanzu a rufe suke, kamar wanda barci ya ɗauke.

To da a nan na tsaya da na huta, amma hali. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan hotuna da shi na bi dajin lungu-lungu. Ta bayan kafaɗarsa ta hagu, a tsakanin ganye, sai ga wata fuska, ƙaramin mutum mai ƙananan idanu da hula mai ƙyalle a ƙeya, laka ta rufe shi har wuya. Na jawo hotunan farko na duba daidai wurin, ganye ne kawai. Shi idonsa a buɗe yake, kuma na rantse ba kyamarar Bature yake kallo ba, ni yake kallo, irin kallon wanda ke kan layi yana jira a zo kansa.

Na yi ta maza na fito na miƙa wa Inna Talle. Ta matsa bakin ƙofa inda haske ya fi, ta kara takardar a idonta mai sauran gani, ta bi ta a hankali daga malafa zuwa haɓa. Ta shafa hancinsa, ta shafa nata. Can sai ta yi wata 'yar dariya hawaye na zuba, ta ce, “Baba, ashe yaro ne kai. Jikana ma ya girme ka.”

Ni da nake ganin idona ya bushe sai da na juya baya, Malam Garba kuwa da ya biyo ni shagon ya shiga neman almakashin da ke hannunsa. Na ce mata ta yi haƙuri idanun sun fito a rufe, ban san yadda aka yi ba. Ta ce, “To da yaya za su fito? An yi masa wanka, ai sai ya huta.” Ta roƙi Malam Garba ƙyallen farin yadi, ta naɗe hoton da nagetif ɗin tare, ta ɗaure. Na buɗe baki zan ce ta bar min nagetif ɗin in gwada na huɗu, Malam Garba ya take min ƙafa sai da na ga taurari. Ta sa mana albarka, ta ɗau sandarta ta nufi tasha.

Bayan ta tafi na gaya masa zancen ɗaya fuskar. Ya ce, “Wannan ba namu ba ne, Bajapane ne. Amma shi ma ɗan wata ne, kuma wa ya sani ko akwai mai jiran ganinsa.” Ya ci gaba da ɗinkinsa, bai ƙara ce min komai a kai ba har ya rasu.

Kafin damina ta fita wani direban Damari ya gaya min idon Inna Talle ya rufe gaba ɗaya, kuma duk wanda ya je yi mata jaje cewa take a bar shi, ta riga ta ga abin da take son gani. Hotunan farko biyu suna wurina har yau, na nuna wa masu hoto da suka girme ni a Kaduna da Zariya, kowa da abin da yake cewa, wani ya ce magani ne ya lalace, na ce to maganin ne ya haifi matsattsaku? Lokaci-lokaci nakan ɗauko na biyun in sa gilashi a wurin ganyen nan, ba kowa, amma ban taɓa mayar da shi cikin akwati ba tare da na waiga bayana ba.

Shawarata gare ku, in akwai tsohon nagetif a cikin kayan kakanninku, kada ku jefar, kada kuma ku bari sai mai son ganin fuskar ya makance, ku nemi wanda zai wanke. Amma mai wankewar ya yi alwala, ya yi bisimilla, kuma in wanda aka kawo masa ya fito, to ya tsaya a nan, kada ya ɗauko gilashi ya ce sai ya ga wanda ke bayansa.